Yadda layin burodi ya kifar da sarautar shekara 300 a Rasha

Da safiyar Alhamis, 8 ga Maris, 1917, matan da ke aiki a masaƙun unguwar Vyborg da ke birnin Petrograd suka ajiye aiki suka fito titi. Abin da suke nema bai wuce burodi ba. Da yawansu sun shafe makonni suna tashi tun tsakar dare su kama layi a ƙofar gidajen burodi cikin dusar ƙanƙara, gari ya waye a ce musu ya ƙare, sannan su wuce wurin aiki, mazajensu kuma suna fagen daga.

Suka riƙa bi masana'anta-masana'anta suna jifan tagogi da curin ƙanƙara, suna kiran maza su fito. Kafin faɗuwar rana ma'aikata kusan 90,000 sun shiga yajin aiki.

Mako guda cif bayan haka, Sarki Nicholas na Biyu, wanda mulkinsa ya taso daga Poland har gaɓar Tekun Pasifik, ya sa hannu a takardar murabus a cikin jirgin ƙasa. Da wannan sa hannun sarautar gidan Romanov, wadda ta fara tun 1613, ta zo ƙarshe.

Rasha a lokacin tana amfani da tsohuwar kalanda wadda ke bayan ta yawancin ƙasashen Turai da kwana 13, shi ya sa har gobe ake kiran lamarin Juyin Juya Halin Fabrairu, alhali a lissafin yau cikin Maris ya faru.

To amma me ya sa masarautar da ta karya Napoleon ta kasa tsayawa a gaban matan da ke neman abinci? Amsar tana komawa baya da shekaru fiye da hamsin.

An 'yanta su, an bar su da bashi

Har zuwa 1861, miliyoyin manoman Rasha bayin gandu ne. An ɗaure su da gonar da aka haife su a kai, ba su da ikon barin ta, kuma mai gonar na iya sayar da su, ya yi musu bulala, ko ya hana su aure. A shekarar ce Sarki Alexander na Biyu, kakan Nicholas, ya 'yanta kimanin mutum miliyan 23.

Sai dai 'yancin ya zo da sharaɗi. Gwamnati ta biya masu gandu diyya, sannan ta ɗora wa manoman biyan kuɗin a hankali har tsawon shekara 49. Gonaki masu kyau, da dazuzzuka da makiyaya, galibi sun ci gaba da zama a hannun manya. A wurin manomin Rasha kuwa, ƙasa ta wanda ya noma ta ce. Saboda haka ya ɗauki abin a matsayin an sa shi sayen abin da dama nasa ne.

Jama'a suka ci gaba da ƙaruwa, gonakin ba su ƙaru ba. A 1891 zuwa 1892 fari ya jawo yunwa a yankin Kogin Volga, ga kuma kwalara ta biyo baya, mutum kusan 400,000 suka mutu. Abin da ya fi ƙona ran mutane shi ne yadda aka ci gaba da fitar da hatsi zuwa ƙasashen waje har sai da yunwar ta kankama, domin da kuɗin hatsin gwamnati ke biyan basussukanta.

Ƙidayar 1897 ta nuna ƙasar na da mutum kusan miliyan 126. Fiye da kashi uku cikin huɗu manoma ne, kuma kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ya iya karatu da rubutu. A takardar wannan ƙidayar, a gurbin da ake rubuta sana'a, Nicholas ya rubuta cewa shi ne mai ƙasar Rasha.

Sarkin da ba ya son sarauta, kuma ba zai raba ta da kowa ba

Nicholas ya hau gadon mulki a 1894 yana da shekara 26, bayan rasuwar mahaifinsa Alexander na Uku. Waɗanda suka san shi sun shaide shi da ladabi da son iyali da riƙon addini. Amma ba a horar da shi kan mulki ba, ba ya son gardama, kuma yakan amince da minista a gabansa, washegari ministan ya samu takardar sallama.

Abu ɗaya ne bai taɓa yin shakka a kansa ba: cewa Allah ne ya ba shi mulki, kuma ba shi da hurumin rage ko ƙwayar zarra daga cikinsa. Ya ga kakansa mai sassauci kwance cikin jini a 1881 bayan 'yan juyin juya hali sun jefa masa bam, kuma darasin da gidan sarautar ya ɗauka shi ne sassauci ne ke jawo raini. Watanni kaɗan bayan hawansa, wakilan majalisun karkara suka nemi a riƙa jin ta bakinsu a harkar mulki. Ya shaida musu a bainar jama'a cewa wannan mafarkin banza ne.

Babu majalisar dokoki, an haramta jam'iyyu da ƙungiyoyin ƙwadago, ana tace jaridu, ga 'yan sandan ciki na Okhrana da ke iya tura mutum Siberiya ba tare da an kai shi kotu ba.

Ko bikin naɗinsa a Mosko a 1896 da jini ya fara. An sanar za a raba wa talakawa kyautar kofi da abinci a filin Khodynka, sai jita-jita ta bazu cewa kayan ba za su isa ba. Aka yi turmutsitsi, mutum fiye da 1,300 suka mutu. A daren ranar, Sarki da matarsa suka halarci liyafar rawa a gidan jakadan Faransa. An ce ya so ya ƙi zuwa, baffanninsa suka matsa masa kada a ɓata wa Faransa rai. Talaka dai bai ji wannan bayani ba, abin da ya ji shi ne ana kwasar gawa Sarki na rawa.

A daidai wannan lokaci Rasha na gina masana'antu da gaggawa. Ministan kuɗi Sergei Witte ya ciyo bashi daga Faransa, aka ci gaba da shimfiɗa layin dogon da ya ratsa Siberiya, manoma suka kwararo birane. Dokar 1897 da ta taƙaita aiki zuwa awa 11 da rabi a rana ci gaba aka ɗauke ta. Ma'aikata na kwana a cunkushe, wasu na karɓa-karɓa da gado ɗaya. Kuma da yake masana'antun manya ne ƙwarai, irin su kamfanin ƙarfe na Putilov mai dubban ma'aikata, yajin aiki ɗaya ya isa ya girgiza babban birni.

Lahadin da aka harbe amana

Duk da wannan, talakan Rasha bai ɗora wa Sarki laifi ba. Ya yi imani cewa Sarki uba ne, fadawa da jami'ai ne ke ɓoye masa halin da ake ciki. Wannan imani shi ne ainihin garkuwar gidan Romanov, ya fi bindiga amfani. A rana ɗaya aka zubar da shi.

Ranar Lahadi, 22 ga Janairu, 1905, wani limamin coci mai suna Georgy Gapon ya jagoranci dubun-dubatar ma'aikata da matansu da 'ya'yansu zuwa Fadar Hunturu a St. Petersburg. Sun sa tufafinsu na zuwa coci, suna ɗauke da hotunan waliyyai da na Sarkin kansa, suna waƙoƙin addini. Takardar koke suka kawo: a mayar da aiki awa takwas, a ƙara albashi, a kafa majalisar da jama'a za su zaɓa.

Sarki ba ya ma cikin birnin. Sojoji suka buɗe wuta a wurare da dama, mahaya suka bi mutane da takubba. Gwamnati ta amince cewa mutum 130 sun mutu, masana tarihi da yawa na ganin adadin ya zarce haka.

Wannan ya faɗo ne a lokacin da Rasha ke shan kashi a hannun Japan, ƙasar da fadawa suka raina. A watan Mayu, rundunar jiragen ruwan da ta taso daga Tekun Baltic, ta shafe wata bakwai a hanya, Japan ta tarwatsa ta cikin kwana biyu a mashigin Tsushima. Ƙasa ta ɗauki wuta. Manoma suka riƙa ƙona gidajen masu gandu, sojojin ruwa na jirgin Potemkin suka yi bore, a watan Oktoba kuma yajin aikin gama-gari ya tsayar da jiragen ƙasa cak.

Da tura ta kai bango, Nicholas ya sa hannu a sanarwar Oktoba, wadda ta yi alƙawarin 'yancin magana da taro da kuma majalisar dokoki mai suna Duma. Amma da ƙura ta lafa sai ya fara janye abin da ya bayar. Ya rusa majalisar farko bayan kwana 72, ya rusa ta biyu a 1907, sannan aka sauya dokar zaɓe ta yadda masu gandu za su mamaye kujeru. Firayim Minista Pyotr Stolypin ya yi ƙoƙarin bai wa manoma damar mallakar gona ta ƙashin kansu, a hannu guda kuma ya rataye mutane da yawa har aka riƙa kiran igiyar rataya da sunan laƙabi na abin wuyan Stolypin. Shi ma harbe shi aka yi a gidan wasan kwaikwayo a Kiev a 1911, a gaban idon Sarki.

Abin da ya ceci Nicholas a 1905 shi ne yawancin sojoji sun bi umarni. Wannan shi ne abin da ya rasa bayan shekara 12.

Yaƙin da ya cinye komai

Lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, jama'a sun cika dandalin fada suna durƙusa wa Sarki. Har sunan babban birnin aka sauya daga St. Petersburg zuwa Petrograd don na farkon ya yi kama da Jamusanci. Murnar ba ta kai wata guda ba. A Tannenberg Jamusawa suka kewaye runduna guda sukutum, kwamandanta Janar Samsonov ya harbe kansa.

A 1915 aka rasa Poland baki ɗaya. Ƙarancin makamai ya kai ana tura wasu sojoji fagen daga hannu rabbana, a ce su jira wanda ke kusa da su ya faɗi su ɗauki bindigarsa. Jimilla an ɗebi maza kusan miliyan 15, yawancinsu daga gona, aka kuma kwashe dawakan noma.

A farkon yaƙin Sarki ya haramta sayar da barasar vodka, wadda gwamnati ce kaɗai ke cinikinta kuma take samun kusan rubu'in kuɗin shigarta daga gare ta. Aka cike giɓin da buga takardun kuɗi, farashin kaya ya yi ta ninkawa. Manomi ya ga kuɗin da za a ba shi ba zai sayi kananzir ko takalmi ba, sai ya ɓoye hatsinsa. Wato ba abinci ne babu a Rasha ba. Hatsin yana karkara, jiragen ƙasa sun tafi jigilar sojoji, waɗanda suka rage kuma sun lalace.

Wahalar ba ta tsaya kan Rashawa ba. A tsakiyar 1916 aka fitar da doka ta ɗibar Musulmin Asiya ta Tsakiya zuwa aikin ƙarfi a bayan fagen daga, mutanen da dama can an ƙwace musu filaye an ba baƙi 'yan kaka-gida. Kazakawa da Kirgizawa da sauransu suka yi tawaye, aka murƙushe su da mummunan kisa, dubban Kirgizawa suka halaka a kan duwatsu suna gudun hijira zuwa China.

Babban kuskuren Nicholas shi ne wanda ya tafka a watan Satumbar 1915. Ya sauke babban kwamanda ya naɗa kansa, ya tare a hedikwatar soja da ke Mogilev, ɗaruruwan kilomita daga babban birni. Ministocinsa sun roƙe shi kada ya yi. Daga ranar duk wani kashi da aka sha nasa ne, ba na janar-janar ba.

Ya bar harkokin gida a hannun matarsa Alexandra, jikar Sarauniya Victoria ta Ingila, amma haifaffiyar Jamus, ƙasar da ake yaƙi da ita. Ɗansu namiji tilo, Alexei, yana fama da cutar da ke hana jini tsayawa, wadda ƙaramin rauni kan iya zama ajali. An ɓoye wa jama'a wannan. Uwar ta yi imani cewa Grigori Rasputin, wani baƙauye daga Siberiya da ake yi wa kallon mai karama, shi kaɗai ke iya samar wa yaron sauƙi. Jama'a ba su san dalilin ba, abin da suka gani shi ne mashayi mai neman mata na shiga fada yadda ya ga dama, ana naɗa ministoci ana tuɓe su da shawararsa. Cikin wata 17 an yi firayim minista huɗu da ministan cikin gida biyar.

A Nuwamban 1916, ɗan majalisa Pavel Milyukov ya tsaya a zauren Duma yana lissafa kura-kuran gwamnati, bayan kowanne ya tambaya ko wauta ce ko cin amanar ƙasa. Wata guda bayan haka wasu masu jinin sarauta, ciki har da Yarima Felix Yusupov da wani ɗan baffan Sarki, suka kashe Rasputin suka jefa gawarsa a kogi. Sun yi ne don ceto sarautar, amma ihu ne bayan hari.

Kwana takwas

Hunturun farkon 1917 ya yi tsanani har tukwanen jiragen ƙasa na fashewa, dusar ƙanƙara ta rufe layuka. Garin alkama da gawayi suka yi ƙaranci a Petrograd. 'Yan sandan ciki sun yi ta rubuta rahoton gargaɗi cewa iyaye mata da ke layin burodi sun fi 'yan siyasa hatsari. Ranar 7 ga Maris hukumar Putilov ta rufe ƙofa ta kori ma'aikatanta da ke neman ƙarin albashi. A ranar kuma Sarki ya koma Mogilev.

Washegari, wadda ta dace da Ranar Mata ta Duniya, sanyi ya ɗan sassauta, rana ta fito, matan suka fito. Ranar Juma'a masu zanga-zanga suka kusa 200,000. Da 'yan sanda suka tare gadoji, sai mutane suka riƙa tsallake Kogin Neva da ƙafa, don ruwan ya daskare. Kiran burodi ya koma kiran a sauke Sarki a kuma daina yaƙi. Mahayan Kosak, waɗanda aka saba turawa su tattake jama'a, suka riƙa ratsa taron a hankali ba tare da sun ɗaga bulala ba. Mutane sun lura.

A wasiƙarta ga mijinta, Alexandra ta ce aikin 'yan iska ne, yara ne ke guje-guje suna ihun babu burodi, kuma da sanyi ya ƙaru da suna gida. A daren Asabar Nicholas ya aika wa kwamandan birnin, Janar Khabalov, saƙon tangaraho cewa gobe-gobe a kawo ƙarshen tarzomar.

Ranar Lahadi sojoji suka yi harbi. A dandalin Znamenskaya kaɗai mutum kusan 40 suka mutu. Shugaban Duma, Mikhail Rodzianko, ya aika wa Sarki cewa birni ya rikice, a gaggauta kafa gwamnatin da jama'a za su yarda da ita. Nicholas ya ce wannan ƙaton ya sake rubuto masa shirme, ba zai ma ba shi amsa ba.

A daren ne lamarin ya juya, kuma a cikin bariki ya juya. Sojojin da ke Petrograd sun haura 150,000, yawancinsu sababbin ɗiba ne daga ƙauye, cunkushe a barikokin da ba a gina don yawansu ba, kuma babu wanda ke marmarin a tura shi fagen daga. Waɗanda aka sa su harba kuwa sun yi kama da uwayensu da ƙannensu. Sojojin rundunar Volynsky da suka yi harbin suka kwana suna tattaunawa. Da safiyar Litinin, a ƙarƙashin wani saja mai suna Timofei Kirpichnikov, suka ƙi bin umarni, aka harbe hafsansu, suka fita suna jan sauran barikoki. Kafin dare an fasa rumbunan makamai, an buɗe kurkuku, an ƙona ofisoshin 'yan sanda.

Nicholas ya hau jirgi zai koma wurin iyalinsa, inda 'ya'yansa ke kwance da ƙyanda. Aka ce masu bore sun riƙe tashoshin da ke gaba, dole jirgin ya karkata zuwa garin Pskov. Sarki na can ne babban hafsan soja Janar Mikhail Alekseyev ya tuntuɓi kwamandojin fagen daga, amsoshinsu suka zo iri ɗaya: in ana son a ci gaba da yaƙi, sai Sarki ya sauka. Ciki har da ɗan uwansa na jini, wanda ya tuɓe daga kwamanda a 1915.

Ranar 15 ga Maris ya yi murabus. Da farko ya so ya bar wa ɗansa, amma da likita ya tabbatar masa cutar ba ta da magani, kuma za a raba shi da yaron, sai ya miƙa wa ƙanensa Mikhail. Washegari Mikhail ya tambayi 'yan majalisa ko za su iya ba da tabbacin tsaron ransa. Ba su iya ba. Ya ƙi karɓa.

Wani abin lura shi ne babu ko ɗaya daga cikin manyan 'yan juyin juya halin da duniya ta sani a yau da ke wurin. Vladimir Lenin yana Zurich a ƙasar Switzerland, inda makonni kaɗan kafin nan ya faɗa wa wasu matasa cewa mai yiwuwa tsararsa ba za su ga juyin ba. Leon Trotsky yana New York, Joseph Stalin na zaman ɗaurin talala a Siberiya.

Gwamnatin riƙon ƙwarya ta Yarima Georgy Lvov, daga baya Alexander Kerensky, ta saki fursunonin siyasa, ta bai wa mata 'yancin zaɓe, amma ta ci gaba da yaƙin, ta kuma ce batun rabon gonaki ya jira. Layin burodi bai gajarta ba. Lenin ya dawo a Afrilu da alƙawarin zaman lafiya da gona da burodi, ranar 7 ga Nuwamba kuma 'yan Bolshevik suka ƙwace mulki.

Birtaniya ta fara yi wa Nicholas tayin mafaka, sai Sarki George na Biyar, wanda uwarsa da uwar Nicholas 'yan uwa ne ciki ɗaya, ya sa aka janye tayin don gudun fushin nasa talakawan. A daren 17 ga Yuli, 1918, 'yan Bolshevik suka harbe Nicholas da matarsa da 'ya'yansu biyar da hadimai huɗu a wani ɗakin ƙasa a birnin Yekaterinburg. Sai a 1998, shekara 80 cif bayan kisan, aka binne ƙasusuwansa a St. Petersburg kusa da kakanninsa, a shekarar 2000 kuma Cocin Orthodox na Rasha ya sanya shi da iyalinsa cikin jerin waliyyai.